Kujerar Saje

Ni tela ne, kuma tela ba ya iya kallon mutum bai auna shi da ido ba, ko yana so ko ba ya so. Ranar da Haggai ya fara hawa motar Saje Philip, bayan girbin dawa na shekarar 1953, tun kafin ya kama sitiyari na san kujerar nan ba tasa ba ce. Daga ƙugunsa zuwa diddige inci talatin da bakwai ne, ni nake ɗinka masa wando. Na Saje kuwa arba'in da biyar. Inci takwas ɗin nan da ke tsakaninsu su ne duk labarin da zan ba ku, kuma na gaji da riƙe shi a ciki.

Haggai ɗan ƙanwata ne, marigayiya. Yana kwana a ɗakin da ke bayan shagona a unguwar Rikoto cikin Zuru, ƙofar shagon kuma tana kallon ƙofar gidan Saje, hanya ce kawai a tsakani. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa ina kan keken ɗinki na gan shi da idona.

A wajenmu Lelna, mu da Hausawa ke kira Dakarkari, ba a ba namiji mata don kawai ya iya magana. Sai ya yi golmo, wato damina bakwai yana noma wa uban yarinya. Mai golmo ba ya cewa rana ta yi zafi, ba ya cewa fartanya ta yi nauyi, ba ya gyara ko tsinke a gidan suruki sai an ce ya gyara. Da haƙurinsa ake auna shi. Haggai ya yi damina uku saboda Keziah, 'yar Saje, sannan ya shiga soja, a can aka koya masa tuƙi. Ya dawo da sauran huɗu a kansa, ya tarar Keziah ta kori duk wanda ya zo, shi take jira.

Saje Philip ya yi yaƙin Bama. Dogo ne mai murya, ko gaisuwa yake yi sai ka ji kamar oda ce. Da ya bar soja ya sayi tsohuwar motar sojoji a gwanjo, aka yi mata bodin katako, yana jigilar dawa da gyaɗa da 'yan kasuwa tsakanin Zuru da Kanya da Kontagora. Ana nan sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya kira Haggai gaban dattawa ya ce, "Gonata yanzu ƙafa huɗu gare ta. Sauran shekarunka a cikinta za ka yi su." Dattawa suka yi dariya, suka ce Saje ya zo da zamani. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa golmon gona da damina ake yi, da abokai a gefenka ana waƙa. Wannan kuwa rani da damina ne, kuma mutum ɗaya tak. Ni ma ina wurin, ni ma na yi dariyar.

Tun da ya sayi motar, Saje ya ja kujerar direba baya iyakar inda za ta je, ya ɗaure ta da noti daidai da dogayen ƙafafunsa. Idan Haggai ya jingina, ko babban yatsansa ba ya taɓa birki. Dole ya matso ya ɗosana a bakin kujerar, kan ƙarfen da ya kewaye ta, bayansa a sarari, da wurin da za a iya ajiye tulu tsakaninsa da majingina. Sitiyarin nan shi ne abin tuƙinsa, shi ne kuma abin riƙonsa. Wanda ya san gargadar hanyar Kontagora a wancan lokaci ya san abin da nake faɗi. Kowane rami, ƙarfen ya doke shi a gindin baya. Kowane birki, ya zame gaba. Saje yana gefensa a kujerar fasinja, a jingine, yana ba da oda a kan hanyar da ba ya gani sosai.

Wata ɗaya Haggai ya yi kafin ya buɗe baki. Ranar Lahadi ce bayan an tashi daga coci, Saje yana zaune gindin dalbejiyar ƙofar gidansa. Haggai ya cire hula ya durƙusa.

"Baba, ina neman izini. Kujerar ta yi mini nisa. In an yarda in matso da ita gaba kaɗan."

Saje ba ya yi wa surukinsa magana da yarenmu, sai da Hausar bariki, don ita ce ta fi daɗin ba da oda. Ya ce, "Wa ya ce maka na bar tuƙi? Wanga ido magani nake sa mishi. Wata biyu, uku, in koma wurina. In ka matsar da ita sai in zo in naɗe ƙafa kamar raƙumi? Bar ta inda take."

"To, Baba."

Akwatin sifana yana ƙarƙashin gadon Saje, mabuɗin yana rataye a wuyansa. Amma ko da a hannun Haggai yake, ba zai taɓa ba. An ce a bari, ya bari.

Wata biyu suka wuce, uku suka wuce, idon Saje bai ƙara komai ba sai fari. Ni kuma na fara ganin tafiyar yarona ta canza. Da can idan ya diro daga mota da gudu yake tsallako hanya. Sai ya zama yana saukowa ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya dafa ƙofar motar ya tsaya kamar yana tunanin wani abu, sannan ya taho. Da safe kuma shi ke juya ƙarfen tayar da inji, a sunkuye, yana cije leɓe. Ya daina zama a kan benci, in zai ci tuwo sai ya kishingiɗa.

Keziah ta riga ni magana. Ta kawo zanen uwarta a dashe baki, ta tsaya tana wasa da almakashina.

"Kawu Japhet, ba ka ga yadda yake tafiya ba?"

"Na gani."

"To ka gani ka yi shiru?" Ta ajiye ɗan ƙoƙon man kaɗe a kan keken. "Ka shafa mishi. Ni ba dama in shiga ɗakinshi."

Na shafa masa da yamma. A gindin bayansa akwai wani baƙin layi a kwance, ya yi kanta, faɗinsa daidai da faɗin ƙarfen kujerar. Na ji kunya ƙwarai, don yarinya ce ta nuna mini abin da ke bayan shagona.

Kwana biyu na yi ina ɗinka matashi. Na samo ragowar kakin soja, na cusa audugar rimi har ya yi tauri, kaurinsa inci takwas cif. Haggai ya sa shi a bayansa. Kwana uku ya dawo yana fito, har ya zauna a benci ya ci tuwo kamar kowa. A rana ta huɗu, a tashar Kontagora, wasu direbobi suka leƙa motar suka ce, "Saje, direba ka ɗauko ko amarya?" Saje ya yi dariya tare da su. Da suka fita gari ya miƙa hannu ya zare matashin, ya jefar da shi ta taga, motar tana tafiya.

Washegari na ɗauki hulata na tsallaka hanya. Na tarar da shi da matarsa Saloma tana sheƙar dawa a tsakar gida.

"Saje, yaron nan bayansa yana lalacewa."

"Tela, kai ka yi golmo?"

"Na yi."

"An shimfiɗa maka matashi a kan kunyar gona?" Ya juyo da fararen idanunsa wajena. "Ni bakwai na yi, a kan dutse. Na yi Bama da kaya a ka, ruwa har wuya. Shi a zaune yake, a inuwa, iska tana kaɗa shi. In zama ya gagare shi, da mi zai riƙe mini ɗiya? Ni taimakonshi nake yi. Gobe zai gode mini."

Na dubi Saloma ko za ta sa baki. Ba ta ɗago daga faifanta ba. Ta ce, "Ka san halinshi, in an matsa mishi ya fi taurin kai. Ku bari bayan girbi, ni zan yi mishi magana a hankali."

Na dawo na ce wa Haggai ya yi haƙuri zuwa bayan girbi. Da aka yi girbi Saloma ta ce ana tsakiyar jigilar gyaɗa, ba a tsayar da mota. Da gyaɗa ta ƙare ta ce Saje ba ya jin daɗi, kada a ɓata masa rai. Da ya warke ta ce ai an kusa Kirsimeti. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa hana Haggai tuwo ba, kullum ƙwaryarsa da nama a kai. Magana ɗaya ce ba ta taɓa yi ba, kuma ita kaɗai ake nema a wurinta.

Haka shekara ta biyu ta wuce, ta uku ta shigo. Haggai ya rame, ya rage magana. Ƙafarsa ta dama ta fara mutuwa a kan hanya, sai sun tsaya shan ruwa ya zagaya bayan mota ya riƙa dukanta da hannu har ta dawo. Wata rana akuya ta gitta masa a bakin kasuwar Kanya, ya taka birki, ya zame ya daki sitiyari da ƙirji. Mako guda yana tari yana riƙe haƙarƙari. Saje ya ce wa mutane ai yaran yanzu ba su iya taka birki a hankali ba.

Bayan wannan ne Haggai ya shigo shago da tsohon bel ɗinsa na soja da wani yankin tamfol.

"Kawu, lokacin da nake kai kaya filin jirgi a Kano na taɓa leƙa wurin zaman matuƙi. Akwai ɗamara a jikin kujerar, suna ɗaure ƙugu da ita. Ka ɗinka mini irinta, mai tsawo, in zagaya ta bayan majingina. Ba za ta hana ciwon ba, amma in na taka birki ba zan zame ba."

Na ninka tamfol ɗin uku, na bi shi da ɗinki layi biyar har allura biyu suka karye, na sa masa ƙarfen bel ɗin a baki. Na auna ta yadda za ta kwanta a kan ƙashin ƙugunsa, ba a kan ciki ba. Yana ɗaurawa ya saki riga a kai. Kusan wata biyar Saje yana zaune gefensa bai sani ba, kuma a watannin nan sau biyu ɗamarar ta riƙe shi a gangara. Ya gaya mini yana murmushi, na ji daɗi kamar ni na ƙera motar.

Wata mai sayar da daddawa ce ta tona, ba da mugun nufi ba. Ta zo karɓar kwandonta ta ga Haggai yana kwance ɗamarar, ta kwashe da dariya ta ce, "Saje, ashe da majanyi kake goyon surukinka!" Mata suka ɗauka. Kafin yamma duk tashar Zuru ta ji.

A ƙofar gida Saje ya laluba ya kamo ɗamarar, ya zaro wuƙa. Ina jin ƙarar tamfol ɗin daga shago, don bai yanku da sauƙi ba.

"Kana so a ce na ɗaure suruki kamar akuya?" in ji shi. "Kana so fasinja su ce motata faɗuwa take yi, shi ya sa direba ya ɗaure kai? Wa zai ƙara shiga? Kuma kai soja ne, ka sani, in mota ta ƙwace tsalle ake yi. Wanda ya ɗaure kanshi ya kashe kanshi. Ranka nake ceto."

Haggai yana tsaye, hula a hannu. Ya ce, "To, Baba."

Wannan "to, Baba" ɗin na ji shi har ya ishe ni. Amma ni ne na koya masa shi tun yana yaro, ba ni da bakin zargi.

A daminar 1957 Keziah ta same shi a shagona da rana tsaka, an tsaya ana jiran ruwa ya ɗauke. Ba ta damu da ina wurin ba.

"Mu tafi Kaduna. Yayata Monica tana can, mijinta zai samo maka tuƙi a inda ake da kujerar mutane. A ɗaura mana aure a can."

"Saura wata huɗu, Keziah."

"Ka dubi yadda kake tsayuwa! Ni miji nake so, ba a ce ya cika bakwai ba."

Ya daɗe yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Ya ce, "In na gudu yanzu, duk wanda na yi ya tafi a banza. 'Ya'yanmu in sun yi faɗa da wani a Rikoto, abin da za a fara ce musu ke nan, ubanku bai gama ba. Na ɗauki shekara uku da wata takwas. Zan ɗauki wata huɗu."

Ta juyo wajena. "Kawu, ka ce wani abu mana."

Na ce, "Wata huɗu kamar gobe ne." Abin da na ce ke nan. Na sha maimaita shi a raina tun daga ranar, bai taɓa yi mini daɗi ba.

Kwana tara bayan haka Haggai da Saje suka taso daga Kanya da buhunan dawa da mata 'yan kasuwa a baya. Ba na wurin, matan ne suka gaya mini. An yi ruwa da safe, hanya ta yi santsi. A wata gangara mai sauka rafi shanu suka fito daga ciyawa suka cika hanya, makiyayin yana bayansu yana ɗaga sanda. Haggai ya miƙe ƙafa iyakar tsawonta ya danna birki. Motar ta cije, shi kuma ba abin da ya riƙe shi. Ya zame daga bakin kujerar ya faɗa ƙarƙashin sitiyari, ƙafarsa ta bar birkin. Motar ta gangara, ba ma da gudu ba, ta faɗa kwari da gaba, ta yi tsalle ta dawo. A wannan dawowar ne ƙarfen kujerar ya same shi a inda ya saba samunsa.

Ba saniyar da ta mutu. Matan sun sha ƙujewa, buhu biyu sun fashe. Saje ya fasa leɓe. Haggai ne kaɗai da aka jawo shi ya ce a duba masa ko ƙafafunsa suna nan, don ba ya jin su.

Mako shida ya yi a asibitin mishan. Sun yi iya ƙoƙarinsu, sannan suka ce mu kai shi gida, ƙashin baya ne. Muka kwantar da shi a ɗakinsa a kan tabarma. Na koyi juya mutum, na koyi wanke shi, na koyi yin kamar ban ga hawayensa ba.

Saje ya zo dubiya sau ɗaya, Saloma tana riƙe da hannunsa. Ya tsaya a bakin ƙofa don ɗakin ya yi masa gajarta.

"Sannu, soja. Ikon Allah ne, ba mai tsallake ranarshi. Kuma makiyayin nan ne da laifi, wa ke koro shanu a gangara?" Ya gyara murya. "Maganar sauran watanni, ba yanzu ba. Ka warke tukuna."

Haggai ya ce, "Na gode, Baba." Saloma ta ajiye ƙwaryar tuwo da nama a kai, ta fita tana share ido.

An jawo motar, maƙeri ya miƙe mata gaba. Tun da jigilar gyaɗa ta matso, Saje ya aika aka samo masa direban haya, wani Mode, mutumin Jega. Da safe ya iso da 'yar jakarsa. Ina ganinsa na auna shi, ba zai wuce Haggai da rabin inci ba. Ya zagaya motar, ya doki tayu da ƙafa, ya hau ya zauna. Bai yi minti ɗaya ba ya leƙo.

"Maigida, wagga kujera ta yi nisa. Ƙahwata ba ta kai ga birki."

Saje ya ce, "Haka wancan ya tuƙa ta."

"Shi ya sani. Ni ba ni tuƙa mota ina rataye. A ba ni sifana, ko in koma inda na hito."

Na tsayar da keke ina jiran tsawa. Ba a yi tsawa ba. Saje ya ciro mabuɗin daga wuyansa ya miƙa wa Keziah, ya ce ta ɗauko akwatin. Ta ɗauko, ta tsaya riƙe da shi, Mode yana zaɓar abin da yake so. Noti huɗu ne. Ya kwance su, ya tura kujerar gaba, ramukan suna nan a ƙasan motar tun daga inda aka ƙera ta, ya mayar ya ɗaure. Ina dashen bakin wando lokacin da ya fara. Ban gama ƙafa ta biyu ba ya hau ya jingina, ya taka birki sau biyu, ya ce, "Yauwa."

Keziah ba ta ajiye akwatin ba. Muryarta ba ta tashi ba, amma na ji ta daga tsallaken hanya.

"Baba, shi ke nan? Abin ke nan?"

"Mi?"

"Shekara uku da wata takwas yana roƙonka wannan."

Saje ya yi tsaki, irin na wanda aka tambaye shi abin da kowa ya sani. Ya ce, "Wanga baƙo ne. In ba a yi mishi ba tafiya zai yi. Haggai na gida ne."

Na daɗe a duniya, na ji maganganu marasa daɗi, amma ban taɓa jin wadda ta gajiyar da ni kamar wannan ba. Ba da fushi ya faɗe ta ba, ba kuma don ya ɓata wa kowa rai ba. Har zuciyarsa haka ya ɗauki abin. Wanda zai iya tafiya a gyara masa wuri, wanda ba zai tafi ba ya yi haƙuri. Ku duba gidajenku, za ku ga ba Saje kaɗai ke wannan lissafi ba.

Keziah ta sauke akwatin a ƙasa ta shiga gida. Kafin rana ta take ta fito da ƙunshin kayanta a ka, ta tsallako hanya, ta bi ta cikin shagona ta shiga ɗakin Haggai. Na ji Haggai yana cewa, "Koma, Keziah. Ba abin da zan iya yi miki. Ko wata huɗun ban cika ba." Ta ce, "Matsa in gyara maka shimfiɗa." Sannan ta tuna ba zai iya matsawa ba, ta kira ni muka ɗaga shi tare.

Gari ya ɗauki magana. Saje ba ya son magana a kansa in ba yabo ba ce, saboda haka ranar Lahadi ya tashi a coci ya ce, saboda tausayi da zumunci ya yafe wa Haggai sauran wata huɗun, a sa ranar aure. Jama'a suka ce amin. Wani dattijo ya tashi ya ce a yi koyi da Saje, ba kowane uba ne zai ba gurgu 'yarsa ba. Ina zaune a benci na uku, na sunkuyar da kai. Na saba.

Ni na ɗinka kayan ango, farar riga da wandon kaki. Saje ya ba da motarsa a kai ango coci, aka share bodin aka shimfiɗa katifa. Da safe muka fito da Haggai mu huɗu a kan ƙyauren ɗaki. Muna zuwa daidai ƙofar direba ya ce mu tsaya.

"Kawu, ku ɗora ni a gaba. Sau ɗaya."

Na ce lokaci yana tafiya. Keziah ta ce, "Ku ɗora shi." Mode ya sauko ya ba da wuri, ya kama mana. Muka zaunar da shi a hankali. Bayansa ya kwanta a majingina tun daga ƙugu har kafaɗa. Hannuwansa suka sauka a kan sitiyari ba tare da ya miƙa su ba. Mode ya ɗauki ƙafafun ɗaya bayan ɗaya ya ajiye su, ta dama ta zauna a kan birki da ɗan lanƙwasa a gwiwa, yadda ya kamata.

Ya zauna haka yana kallon hanya ta gilashi. Saje yana tsaye gindin dalbejiya yana tambayar me ake jira. Na ga Haggai ya dubi ƙafarsa ta dama, ya daɗe yana dubanta. Ba ta motsa ba.

"Daidai take, Kawu," in ji shi. "Ku sauke ni."